Ƙafar Inna da Hoton Shugaba

A ofishin da ake haɗa kundin adireshin ƙananan hukumomi na ƙasa, babu mai kiranta da sunanta na yanka. Alo ake ce mata, manya da ƙanana, domin tun ranar da aka ɗauke ta aiki kalmar da aka fi ji a bakinta ke nan. Teburinta yana jikin taga, da waya biyu a kai, da hatimi, da wani gwangwanin madara da ta cika da maɓallan tsofaffin riguna. Aikinta ba shi da wuyar faɗa. Duk shekara, kafin a kai Kundi wurin bugawa, sai ta buɗe shafin kowace ƙaramar hukuma da ke ɓangarenta, ta buga lambar da ke shafin, ta gaisa, ta tambaya, "Akwai canji a bayananku?" In an ce akwai, ta gyara. In an ce babu, ta danna hatimin "An Tabbatar", ta ɗauki maɓalli ɗaya ta jefa a aljihun tebur, ta wuce ta gaba.

Sittin da ɗaya ne a hannunta, kuma shekara goma sha huɗu ba ta taɓa barin ko ɗaya babu hatimi ba. Sauran ma'aikata sukan kai wata biyu suna jan ƙafa, ita kuwa kafin su gama fere fensir ta zubar da maɓallanta. Shugaban sashe, wani mai ƙaton tabarau da ba ya son a tashe shi daga kujera, yakan nuna ta da baki ya ce wa sababbi, "Ku koyi aiki wurin Alo. Ba ta tambayar abin da ba a tambaye ta ba."

Abu ɗaya ne ƙananan hukumomin suke tasowa da ƙafarsu saboda shi, wato hoton shugaba da ake sakawa a saman shafi. Ba a taɓa aiko wa Alo da takarda cewa an sauya titi ko an rufe wani sashe ba, amma hoto, har layi ake yi. A wannan shekarar, sabon shugaban ƙaramar hukumar da aka haife ta a ciki ya aiko da nasa sau uku. Na farko an ce hularsa ta karkace, na biyu an ce ya yi duhu, na uku ya zo a ambulan mai kauri tare da ɗan saƙo da ya tsaya a kanta sai da ta rantse ba za ta lanƙwasa shi ba. Doka kuwa a bayyane take: shafin da bai sami hatimi ba, haka zai fita babu hoto, da ɗan farin akwati a wurin fuska.

Mahaifiyarta tana nan a gidan da aka haife su, bayan kasuwa, tare da ƙaninta Auta. Inna ba ta karatu, amma duk shekara Alo takan kai mata sabon Kundi, ta buɗe shafin ƙarshe ta ɗora yatsa a kan sunanta cikin jerin ma'aikata. Inna sai ta shafa wurin, ta naɗe littafin a zane ta ɗora a saman kabad. Goma sha huɗu ne a jere a can, ko ƙura ba ta bari ta hau su.

Ciwon suga ya daɗe da kama Inna, kuma a wannan shekarar wani ɗan ƙurji a tafin ƙafarta ya buɗe ya zama gyambo. Likita bai ɓoye musu komai ba. Ya ce a riƙa wankewa, a naɗe, a ɗaga ƙafar sama, kada ruwan datti ya kusance ta. In ƙazanta ta shiga, shi kam wuƙa ce ta rage masa.

Ana cikin haka Auta ya bugo mata waya tana tsakiyar aiki.

"Yaya, masan kasuwa ya cika ya fashe. Ta ƙarƙashin katanga yake shigowa tsakar gida."

"Ku ɗauke Inna ku kawo ta wurina."

"Ke kin san uwarki. Ta ce daga ɗakinta sai kabari."

Alo ba ta ko ɗaga murya ba. Ta jawo Kundi, ta buɗe shafin garinsu, ta karanta masa lambar ofishin ƙaramar hukuma, ta ce ya nemi sashen tsabta, suna da motar zuƙar masai, ga ta nan a rubuce. Ta kashe waya tana jin daɗin kanta, irin daɗin da mai rijiya yake ji in maƙwabci ya zo neman ruwa.

Bayan azahar ya sake kira.

"Lambar nan da kika ba ni, wani tsoho ne yake ɗauka. Ko me na ce masa sai ya ce babu canji."

"Ba ka iya magana da hukuma ba ne. Gaisuwa ka fara yi ko ihu?"

"Na gaishe shi har da iyalinsa. Na ce masai ya fashe, ya ce babu canji. Na ce uwata tana kwance cikin ƙazanta, ya ce babu canji, Allah ya ba ta lafiya."

Washegari da sassafe ta shiga mota. Hoton shugaba yana cikin jakarta, domin ta saba tafiya da abin da ba ta so ya ɓata a ofis.

Tun daga bakin layi warin ya tare ta. Ba irin warin da iska take kawowa ta ɗauke ba ne, wannan zama yake yi a maƙogwaro. Wani baƙin ruwa mai kumfa yana tafiya a hankali ta gefen katanga, ƙudaje sun yi masa rumfa. A zaure an jera bulo shida don takawa. Tsakar gidan da ta yi rarrafe a ciki ya zama tafki, murhun Inna ya nutse, buta tana yawo a kai, fararen tsutsotsi suna hawa ƙafar turmi. Ta toshe hanci da gyale, amma sai ta ji kamar ɗanɗanonsa take yi.

Ruwan bai shiga ɗakin Inna ba tukuna. Auta ya tare bakin ƙofa da tsummokara da buhu, kuma tsakanin saman ruwan da dokin ƙofar bai fi yatsa uku ba. Alo ta auna da idonta, ta sake aunawa. Inna tana kan gado, ƙafar a kan matashi, maƙwabciyarsu Maman 'Yan Biyu tana naɗa mata sabon bandeji. Ita ce take tsallako wannan tafki safe da yamma don wanke gyambon.

"Ga 'yar hukuma ta iso," in ji Maman 'Yan Biyu. "Yanzu kashi zai ji tsoro ya koma."

"Inna, ki tashi mu tafi."

"In tafi in bar wa wa ɗakin? Ke ba kin ce duk ƙasar nan a hannunki take ba? Ki buɗe littafinki ki kira su mana."

Alo ta ɗaga kai ta dubi saman kabad. Ta juya ta taka bulo ta fita.

Adireshin da ke Kundi ta bai wa mai babur. Ya waiwayo ya dube ta.

"Kaji za ki saya?"

"Ofishin ƙaramar hukuma na ce."

"To, ai shi na ce."

Ginin yana nan, har da tambarin hukuma a saman ƙofa, fentin ya kokkoɗe. Amma an rufe tagogin da ragar waya, kuma tun daga waje ake jin kukan kaji. Ta tura ƙofa. A ɗakin da aka rubuta "Sashen Kuɗi" kaji ne fal, sun tattake juna, wasu wuyansu ya zama tsirara. A "Sashen Tsabta" kashin kaji ya taru ya kai tsayin idon sawu, ya yi ɓawo a sama, ƙasan yana tsatsafo da ruwa. An jefar da matattu biyar a cikin wata durowar ƙarfe da babu murfi, cikinsu ya kumbura. Ta dafa bango, ta janye hannun da sauri domin bangon ma yana da danshi.

A ƙarƙashin matakala wani tsoho yana zaune a benci, da sanda a gefensa. A kan cinyarsa akwai wayar tebur irin mai layi a ciki, an ɗaure murfin batirinta da roba. Alo ta tsaya daga nesa, ta ciro wayarta, ta buga lambar da ta haddace tun shekaru. Wayar cinyar tsohon ta yi ƙara. Ya gyara zama, ya share maƙogwaro, ya ɗauka da hannu biyu.

"Babu canji, ranka ya daɗe."

Muryar ce. Ta san ta sarai. Har takan ce wa abokan aikinta mutanen garinsu sun fi kowa ladabi a waya.

Ta kashe, ta matsa kusa, ta gaishe shi.

"Baba, kai ne ma'aikacin nan?"

"Maigadi ne, 'yata. Da na hukuma ne, yanzu na mai kaji ne."

"Hukumar tana ina?"

"Ai sun tashi tun shekarar da rufin baya ya faɗi. Suna can saman shagunan sayar da taya, hanyar tasha."

"Wayar fa?"

"Da za su tafi, Sakatare na lokacin ya ba ni ita. Ya ce mutanen babban birni ne kawai suke kira, kuma tambayarsu ɗaya ce. Ya ce duk wanda ya kira in ce babu canji, kada in ƙara, kada in rage." Ya shafa wayar kamar kan jika. "Ban taɓa barin ta mutu ba. Da kuɗina nake mata caji. Akwai wata baiwar Allah da take kira duk shekara, mai saurin magana. Kafin in rufe baki ta ce na gode ta kashe."

"Shekara nawa ke nan?"

"Mai kaji ya sauya garke ya fi sau ashirin. Ki lissafa."

Ta lissafa shekarun da ta yi tana jin muryar nan a waya, domin ba ta iya barin lissafi ya wuce ta. Tara. Hatimi tara, maɓalli tara. Ta dubi takalminta da ya nutse cikin abin da ba ta son ta ambata, ta rasa wanne ya fi ba ta ƙyama, shi ko hannunta na dama mai danna hatimi.

Sabon ofishin ba shi da allo. Sai da ta bi ta tsakanin tarin tayoyi ta hau wani siririn bene. A sama kuwa sanyi ne ya buge ta, da ƙamshin turaren fesawa. Kujeru goma sha biyu na jira, babu kowa a kai, domin babu wanda ya san hanyar zuwa. Hoton shugaba a bango, irin na cikin jakarta, sai dai ya ninka shi girma sau goma.

Sakatare mutum ne mai sheƙi, da zobe a yatsu uku. Yana cin gyaɗa yana zubar da ɓawon a cikin tiren takardun shigowa. Ta gaishe shi a matsayin 'yar gari, ta faɗi abin da ya kawo ta: masan kasuwa, gidan tsohuwa, ƙafa mai gyambo.

"Allah sarki," ya ce, bai daina tauna ba. "Ki rubuto. Kwamiti zai duba."

"Ranka ya daɗe, yatsa uku ya rage ya shiga ɗakinta."

"Hajiya, mota ɗaya gare mu, kuma tana aiki a gidan saukar baƙin Shugaba. Ko ta dawo, babu mai. Ku mutanen bayan kasuwa ma kun cika cika masai."

Ya yi dariya shi kaɗai. Wani ɓawon gyaɗa ya manne masa a leɓe, yana motsi in ya yi magana. Alo ta kalli ɓawon har ta ji ba za ta iya ci gaba da kallonsa ba. Sai ta buɗe jaka, ta ciro ambulan mai kauri, ta zaro hoton rabi, ta ajiye katin aikinta a gefensa.

"Ni ce mai tabbatar da shafinku a Kundi. Na je adireshinku na tarar da kaji. Na buga lambarku, maigadin kaji ya ɗauka. Ba zan iya buga hatimi ba. Shafin zai fita da farin akwati a wurin fuskar Shugaba."

Taunar ta tsaya. Ya goge bakinsa, ya miƙe, ya zagayo tebur da kansa ya jawo mata kujera.

"Haba ranki ya daɗe, ai sai ki faɗa tun farko. Mu da ke ai gida ɗaya ne. A kawo wa Hajiya lemo mai sanyi. Wane gida kika ce?"

Motar da babu mai a cikinta ta riga ta isa layin. Alo ta tarar da ita a ƙofar gida tana gurnani, ma'aikata huɗu da dogayen takalman roba sun zura tiyo a tsakar gida. Kafin la'asar ƙasa ta bayyana, baƙa, mai santsi. Suka watsa wani farin magani, suka kawo buhunan yashi suka toshe ramin ƙarƙashin katanga. Auta yana ta washe baki, yana cewa ashe Yaya ba ƙaramar mace ba ce.

Sai aka ji salati daga gidan Maman 'Yan Biyu.

Alo ta fita ta leƙa bayan katanga. Ba su taɓa masan kasuwar ba. Yana nan yana tumbatsa kamar da. Abin da suka yi kawai, sun jera buhunan yashi sun karkatar da kwararar, ta bar katangar Inna ta nufi ta maƙwabta. Tuni ta shiga ɗakin girkin matar da take wanke wa Inna ƙafa.

Direban yana naɗe tiyo.

"Malam, ramin fa?"

"Gida ɗaya aka rubuta mana, Hajiya. Gidan mahaifiyar babbar baƙuwa."

"In buhun ya jiƙe gobe, ina ruwan zai koma?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Gobe ai wata takardar ce."

Maman 'Yan Biyu ta fito da tukunya a kowane hannu, zanenta a tattare, ƙafafunta baƙi ƙirin har ƙauri. Ta dubi Alo sama da ƙasa.

"Sannu 'yar hukuma. Da yamma in na zo wanke ƙafar, da waɗannan ƙafafun zan shigo, ki gaya wa likitanku."

Alo ta tsaya a gaban motar, daidai tsakiyar layi, ta kira lambar da Sakatare ya rubuta mata da hannunsa, ta aljihunsa.

"Ranka ya daɗe, hoton yana hannuna, kuma ina tsaye a bakin ramin. Hannuna kuwa gumi yake yi."

"Subhanallahi, Hajiya, ki matsa daga wurin. Ba ni direban."

Sawu bakwai motar ta yi kafin ramin ya nuna ƙasansa. Alo ta ƙirga su tana zaune a kan bulo, jaka a cinya, gyale a hanci. A sawu na uku direban ya ce mai ya ƙare, ta ɗaga waya, mai ya samu. Mutanen layin suka fito suna sa mata albarka, wata tsohuwa har ta kama hannunta tana cewa Allah ya ƙara girma. Ita kuwa ko murmushi ta kasa. Ta yi wa Sakatare maganar ƙafar uwarta yana cin gyaɗa, ta nuna masa takarda mai sheƙi ya kira ta ranki ya daɗe. Duk sanda ta tuna sai ta tofar da yawu.

Sau uku ta yi wanka a ranar, ta jefar da takalmin.

Da ta koma ofis ta rubuta gyara: sabon adireshi, saman shagunan taya, da lambar aljihun Sakatare. Shugaban sashe ya sauke tabarau ya karanta, ya turo mata takardar.

"Ina wasiƙarsu?"

"Da idona na gani, ranka ya daɗe. Kaji ne a wurin."

"Idonki ba ya cikin ƙa'ida. Ba a sauya adireshi sai hukumar ta rubuto da kanta. Kin buga lambar da ke shafin?"

"Na buga."

"Me aka ce?"

"Babu canji."

"To, ki buga hatimi. Mutanen nan sun kira ni sau biyu a kan hoton."

Ta kira Sakatare ta nemi wasiƙar. Ya ce kwamiti zai duba. Ta ce to hatimi ma kwamiti zai duba, ta kulle shi a aljihun tebur ta tafi gida da makullin. Ba ta san akwai wani irinsa a durowar shugaban sashe ba sai da Kundi ya fito. Ga Shugaba a saman shafi, hula a miƙe, fuska tana walƙiya. Ga adireshin gidan kaji a ƙasansa, ga lambar Baba maigadi, ga "An Tabbatar".

Tun daga lokacin Alo ta daina gama aiki da wuri. In ta kira lamba, ba ta tambayar canji. Takan ce, "Malam, me kake gani ta tagar ofishinku?" sannan ta yi shiru ta kasa kunne. A cikin sittin da ɗaya, ta ji kukan awaki a biyu, injin niƙa a ɗaya, wata mata kuma ta ce mata mijinta ya rasu amma ya bar wasiyya a riƙa cewa babu canji. Sha ɗaya ta ƙi buga wa hatimi. Shugaban sashe ya daina nuna ta ga sababbi.

Gyambon Inna ya ɗauki lokaci, amma ya kame, likita bai ɗauko wuƙarsa ba. Ya ce dai a ci gaba da ɗaga ƙafar, kuma matashi ya yi laushi da yawa, a nemi abu mai tauri. Ranar da Alo ta kawo sabon Kundi, Inna ta miƙa hannu za ta karɓa ta naɗe a zane kamar kullum. Alo ta hau kujera, ta sauko da na saman kabad guda uku, ta haɗa da sabon, ta jera su a ƙarshen gado, ta ɗaga ƙafar Inna a hankali ta ɗora a kai.

"Ke, sunanki fa yana ciki."

"Yana can shafin ƙarshe, Inna, ba abin da zai same shi. Tsayin ya yi miki, ko in ƙaro ɗaya?"

Inna ta motsa yatsun ƙafar, biyar cif, ta ɗan yi tunani.

"Ƙaro ɗaya," ta ce.